Azumin da Turmi Ya Jira Karatu

Azumin bana ya faɗo a bakin bazara, kuma tun ranar farko jikina ya gane shi. Hantsi bai gama ɗagawa ba duwatsun Zinder sun fara huci, bango ya ɗau zafi, ruwan tulu ya koma kamar na wankan jego. Jikata Bintu ta shigo ɗakina da littafin lekol, wato makarantar boko, da portabul, wayarta ta hannu, wai nan ne babu hayaniya. Ita da ƙawayenta ke karanta darasi suna ɗauka, su tura wa ɗaliban da ba sa gani.

"Kaka, don Allah a kashe fanka, ƙararta tana shiga."

"Ke, a wannan zafin? Kashe ni za ki yi da azumi a baki?"

Na dai kashe. Ina zaune shiru zufa na bin bayana, ita tana ta karatunta, sai ga ni tsundum cikin wani azumin na shekara talatin da ɗoriya, wanda shi ma haka ya zo mana, a tsakiyar wuta.

Lokacin muna Birni, tsohuwar unguwar Zinder, a tsohon gidan kakannin maigidana, mutanen Barno ne da fatauci ya zaunar a Damagaram. Mu uku ne manya a gidan: ni, da shi, da mahaifiyarsa da muke kira Iya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin lekol ne a Hamdara. Kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamin lekol da Faransanci, har ni. Mutum ne mai son littafi kamar me. In ya dawo hutun mako a kan mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, kafin ya tambayi tuwo sai ya buɗe akwatin ƙarfen da yake tara littattafai ya ga ko gara ta shiga.

Bayan girbin kaka na shekarar ya fara cewa yana ganin allo kamar ta cikin hayaƙi. Muka je likita, wato asibiti, a nan, suka tura mu Kano. Can aka ce jijiyar idon ce ta mutu, ba ta da gyara. Muka dawo. Ya shiga ɗakinsa ya zauna a kan tabarma, ya jingina da akwatin nan, shi ke nan. Masallaci ba ya zuwa, zaure ba ya fita. Mutumin da in yana magana sai an ce masa ya isa, ya koma "to" da "a'a". Iya takan tsaya a ƙofa ta dube shi, ta juya ta share ido da gefen zane.

Ga shi shekarar ba ta zo da daɗi ba. Daminar da ta wuce ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, famfunan Birni kuwa sai su kwana su wuni ba su ɗiga ba. Da an yi sallar asuba mata za mu ɗebi bokiti da garwa mu tafi inda aka ji labarin ruwa ya zo, mu jera su a layi mu zauna a kan dutse muna jira. Abin da ka samu da shi za ka yi alwala, ka yi girki, ka jiƙa tsumma ka goge yara. Ruwan wankin gero ba a zubarwa, na akuya ne. Sahur ɗumamen tuwo ne da ɗan fura. Buɗa baki kunun tsamiya, da kwaɗon zogale, ranar da aka samu mai a yi ƙosai. Ƙanƙara gida ɗaya ke da ita a duk layinmu, masu firigo mai kananzir, in sun aiko da ɗan gutsure sai a saka a kwanon sha ya zaga kowa ya kurɓa.

Malam Abdu, abokin Mushe tun suna yara, shi ma malamin lekol, ya zo a farkon azumin da littafi ya ce zai karanta masa. Ya fara kenan, da azumi da zafin azahar, sai hamma ta kuɓuce masa. Mushe ya ɗaga hannu.

"Ka gaji, Abdu. Tashi ka je gida."

"Haba, hamma ɗaya?"

"Ba na son a zauna gabana ana yi mini sadakar murya. Na gode."

Malam Abdu ya fito ya same ni a tsakar gida ina tankaɗe, fuskarsa ba daɗi. Can ya ce, "Madam, in mutum ne ba ya son gani a gabansa, to mu ba shi murya ba mutum."

Washegari ya dawo da manyeto ɗinsa, rediyon nan mai cin kaset, ya riga ya karanta babi guda a ciki. Bai shiga ɗakin ba. Ni na kai na ajiye a gefen tabarma, na kama yatsan Mushe na ɗora a kan maɓallin, na ce wannan ke kunnawa, wannan ke mayarwa baya, na fita. Har azahar ban ji komai ba. Ina kwance a inuwar bango na jiƙa zane na rufa, sai na ji muryar Malam Abdu tana fitowa daga ɗakin cikin Faransanci. Na ji an tsayar. Na ji an mayar baya. Aka sake kunnawa.

Da magariba na kai masa kunu, ya sha, ya ajiye ludayi ya ce, "Ki gaya wa Abdu yana haɗiye ƙarshen kalmomi." Ya miƙo mini kwanon ya ce, "Kuma ina ci gaban?"

Ban san lokacin da na fita da gudu na faɗa wa Iya ba.

Daga nan aiki ya tashi. Malam Abdu ya bi abokan aikinsu ya gaya musu, mutane suka fara zuwa da kansu. Akwai Madam Rabi mai koyarwa a lekol ɗin ƴan mata, da wani tsohon ma'aikacin gidan waya, da wani mai yin allura a likita da yakan biyo in ya tashi daga aikin dare. Ba wanda aka ba ko goro. Iya ta buɗe mana ɗakin soron da take ajiye hatsi, tunda a shekarar babu abin da ke ciki sai tukwane wayam. Bangonsa mai kauri ne, ya fi ko'ina sanyi, amma murya na amsa kuwwa a ciki, sai muka rataye barguna da tsofaffin tabarmi. Mai karatu ya shiga a rufe ƙofa, ya fito jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya.

Lokacin karatu ɗaya ne, daga fitowar rana zuwa hantsi. In ya wuce haka maƙogwaron mai azumi ya bushe, harshe ya yi nauyi, murya ta dinga kakkaryewa. To wannan kuma shi ne lokacin daka a duk Birni. Kaset ɗin farko da aka yi a gidanmu, Mushe ya ce bai san ko tarihi yake ji ko luguden gidan biki ba. Iya ta yafa mayafi ta bi maƙwabta gida gida. Abin da take roƙo ba ƙarami ba ne: mace ta bar daka da sanyin safiya, ta yi shi rana tsaka da azumi a bakinta. Na zaci za a yi mata fuska. Maƙwabciyarmu Hajiya Laure ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Iya, in dai don Mushe ne, turmi ya jira. Amma ku gaya wa masu bokon nan su dinga sauri, kada mu narke." Haka aka yi har ƙarshen wata. Da mai karatu ya fito sai in buga murfin tukunya, ka ji taɓare sun tashi a gida biyar lokaci ɗaya kamar an saki dawaki.

Kaset ba mu saya ba. Tsofaffin na kiɗan biki mutane suka yi ta kawowa, mu cusa takarda a ƴan ramukan bayansu mu ɗauka a kai. Zafi kan sa zaren ya yi laushi ya naɗe, don haka a cikin ƙwarya nake ajiye su kusa da randa, in rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Pil kuwa, batirin da manyeto ke ci, shi ne babbar wahala, tunda gidan ba kuran, wato wutar lantarki. In sun yi sanyi sai mu jera su a kan katanga rana ta gasa su, su ɗan farfaɗo. Don kada su ƙare a banza, da hannu nake mayar da kaset baya. In zura bik, biron rubutu, a ramin in yi ta juyawa, ina zaune gaban murhu ina jiran ruwan kunu ya tafasa. Yanzu Bintu in ta yi kuskure da yatsa ɗaya take gogewa, kuma kafin ta miƙe muryarta ta isa har ƙauyen Tirmini. Ruwan famfo ne dai har yau yake zuwa ran da ya ga dama.

Iya ce mai gadin ƙofa. Takan zauna bakin ɗakin soron da sanda tana korar kaji. Wata safiya Madam Rabi na ciki tana karanta wani wuri mai ban tausayi, sai akuyarmu ta tura kai ta ƙasan ƙofa tana cin gefen tabarma. Iya ta manta da manyeto ta ɗaga murya: "Fita daga nan, ƴar banza mai kunnen ƙashi! Kullum sai kin zo kin dame mu!" Madam Rabi ta tsaya cak, ta ce da ƙaramar murya, "Ni, Iya?" Duk ya shiga kaset, kuma ba mu da pil ɗin sake ɗauka.

Da la'asar ina yanka albasa na ji wani sauti daga ɗakin Mushe, na yar da wuƙar na ruga, na zaci shaƙewa ya yi. Na tarar da shi kwance a gefe ɗaya yana dariya har da hawaye. Ya mayar baya ya sake ji. Ya sake. "Ni, Iya?" yake ta maimaitawa yana dukan tabarma. Na ce, "Mushe, pil fa!" Ya ce, "Bar su su ƙare." Iya ta zo ta tsaya a ƙofa tana faɗa wai an mayar da ita abin wasa, amma bakinta ya ƙi rufuwa.

Ni ban yi lekol ba. Karatun Hausa na koya a ajin manya bayan aurenmu, kuma ban taɓa yarda na karanta ko layi ɗaya a gabansa ba, don kunya. Amma a ƙasan akwatin akwai wasu ƙananan littattafai na Hausa, na labarai da na noma, ba wanda ya kula su. Na ɗauki ɗaya na dinga tafiya da shi layin famfo ina bita a hankali. Matan layi suka gano, suka ce in ɗaga murya su ma su ji. In na yi tuntuɓe a kalma su yi mini dariya, in na wuce su ce "yauwa". Ranar da mai allura bai samu zuwa ba, na shiga ɗakin soron na ja ƙofa. Na karanta labarin wani manomi da surukinsa har ƙarshe.

Na sa kaset ɗin cikin sauran ban ce komai ba. Bayan sallar magariba na je ɗaukar kwano, ya ce, "Aisa, zauna." Na zauna.

"Akwai wata sabuwar mai karatu da aka samo. Tana tsayawa inda ya kamata a tsaya. Ba ta sauri. In ta zo wurin dariya ana jin murmushi a muryarta. Ƴar wane gida ce?"

Na ce, "Oho, wata ce daga layin famfo."

"To ki ce mata duk zaman da muka yi da ita ta cuce ni da ta ɓoye mini wannan. Ki ce gobe ma ina jira."

Na ɗauki kwanon na fita, na je bayan rumbu na tsaya ina ta murmushi ni kaɗai kamar sabuwar amarya.

Tagar ɗakin Mushe tana kallon lungu. Wani makaho mai tufka igiya, Malam Sale, ta nan yake bi kullum in ya taso daga kasuwa. Shi tun yana yaro ƙyanda ta tafi da idonsa. Rannan ya ji labarin manomin nan ta taga, ya tsaya har ya ƙare, sa'an nan ya zagayo ya yi sallama. Mushe ya ɓata rai. A lokacin ko kalmar makaho ba ya son ji, balle a ce ga ɗan'uwansa ya zo. Ya ce in ce ba ya jin daɗi. Malam Sale ya jiyo daga tsakar gida, ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Ni dai ba wurinsa na zo ba, wurin akwatin nan mai magana na zo." Ya lalubi ƙofa ya shiga ya zauna, ya ciro kabarsa ya ci gaba da tufka.

Na Hausa ya ƙare, Mushe ya sa na Faransanci, ina jin don baƙon ya gaji ya tafi. Labarin wasu masu jirgin ruwa ne da iska ta ɓatar, da wani yaro a cikinsu. Malam Sale ya saurara ya saurara, ya ce, "Wannan mutumin kamar yana cikin tashin hankali. Me ya same shi?" Sai ya ƙara da cewa, "Malam, ka ji fa, kai kana ci ni ina jin ƙanshi. A watan azumi wannan ba kyau." Sai na ji an danna maɓalli, na ji Mushe ya yi gyaran murya ya ce, "Jirginsu ne ya fashe. Ka san teku?" Malam Sale ya ce, "Ina fa, ni da ko tafkin Gaffati sai labari." Mushe ya ce, "To bari in fara maka daga nan."

Kashegari Malam Sale ya zo da mutum biyu. Kafin mako ya zagayo ɗakin ya kasa ɗaukarsu, dole aka koma zaure, kuma da ƙafarsa Mushe ya fita yana dafa bango. Bayan la'asar suke taruwa, lokacin da azumi ya fi cizo, leɓe ya bushe, kowa na kallon inuwa. A kunna kaɗan, a tsayar, ya fassara, a yi gardama. Ni ina madafa ina jiyo su, wani na cewa shugaban jirgin nan wawa ne, wani na cewa ƙaddara ce. Na leƙa sau ɗaya na ga Mushe a tsaye yana bayani, hannunsa na zane a iska kamar akwai allo a bayansa. Sau da yawa kiran sallar magariba ne ke raba su, sai mu ƙara wa kunu ruwa ya ishi kowa.

Malam Sale ne ya ce akwai irinsu a Gaffati da Tirmini da ba za su iya zuwa ba, kuma Faransanci ba zai amfane su ba. Madam Rabi ta aro mana manyeto na biyu. Sai ga Mushe da kansa a ɗakin soro da safe, manyeto ɗaya na yi masa magana a kunne, shi yana juya wa ɗayan da Hausa yana ɗauka. Wanda aka fara aikin dominsa ya zama ya fi kowa yawan kaset. Ranar kasuwa a ba masu komawa ƙauye, wani makon su dawo da shi, wani lokaci da ƙullin busasshiyar yakuwa ko ɗan wake, da saƙon cewa a gaya wa malamin kada ya kashe yaron nan na cikin jirgi. Wannan aikin shi ya riƙe har ƙarshen ransa.

A goman ƙarshe zafi ya kai inda tsuntsu ke faɗowa daga bishiya. Wata safiya yana ciki yana ɗauka, sai gari ya yi duhu daga gabas, iska mai sanyi ta taso, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ruwan isowa. Ruwan mangwaro ne, wanda kan zo sau ɗaya kafin damina. Ba wanda ya tuna da shiru. Muka yi ta gudu da bokiti da tukwane da kwanoni muna tarawa a ƙarƙashin indararo, yara na ihu tsirara a lungu, Hajiya Laure na guɗa ta kan katanga. Na juyo na ga Mushe ya fito tsakiyar gida shi kaɗai ba mai riƙe da shi. Ya cire hula, ya ɗaga fuska sama, ruwa na dukansa, bakinsa a rufe gam saboda azumi, amma duk fuskar dariya take.

Ranar salla na fito masa da farar rigarsa, ban dai san ko zai je idi ba, ban kuma tambaya ba. Malam Abdu ya zo da mobilet ya ce ya hau ya kai shi. Mushe ya ce, "Na gode, Abdu, ina da ɗan jagora." Sai ga sallamar Malam Sale, ya sha wanki, sandarsa a hannu, ya riƙo wata sabuwa ya miƙa wa Mushe.

Iya ta dafe ƙirji. "Yau na ga ikon Allah. Makaho zai ja makaho?"

Malam Sale ya ce, "Iya, mai ido hanyar ido ya sani. Ku bar mini shi."

Muka tsaya a ƙofar gida ni da ita muna kallonsu. Malam Sale a gaba, Mushe ya dafa kafaɗarsa, sanduna biyu na ƙwanƙwasa ƙasa, har suka sha kwanar babban dutsen nan na bakin lungu. Iya ba ta zauna ba. Ta shiga ta fita, ta ɗora tukunya ta sauke, ta aiki duk wanda ya wuce ya dubo mata hanya. Mutane suka fara dawowa daga idi, su shiru. Rana ta ɗaga, su shiru.

Can muka jiyo su tun daga nesa, suna gardama a kan ko teku ta fi hamada girma. Suka shigo, gefen farar rigar ya yi jawur da laka, gwiwar wandon ta yage. Ashe a hanyar dawowa Mushe ya ce shi zai shige gaba, ya kai su cikin kwatar da ruwan nan ya bari, daga nan kuma suka bi gidajen abokai yin barka da salla. Iya ta kama shi tana shafa fuskarsa tana faɗa cikin Barbarci, shi yana ta dariya.

Na kawo wa Malam Sale ruwa na durƙusa na ce, "Malam, yaya ɗalibin naka?"

Ya sha, ya goge baki, ya ce, "Uwar gida, kansa na ja, zai iya. Surutu ne dai ya yi masa yawa."